Minjibir Na Buƙatar Burtalin Mota

Duk lokacin da mai neman kujera ya shigo karkarar Kano yawon neman ƙuri'a, buƙatun da ake jera masa ba su cika wuce huɗu ba, kuma da wuya a rasa titi a cikinsu. In Allah Ya sa an dace an shimfiɗa kwaltar, sai a yi ta sam barka, makaɗa su yi kiɗa, a watse. Tambayar da ban taɓa jin an yi ba a irin wannan taro ita ce: titin nan domin wa aka yi shi? Domin mai zuwa garin, ko domin mai wucewa ta cikinsa? Waɗannan mutum biyu ne daban, kuma abin da ɗaya yake nema shi ne abin da ɗayan yake gudu. Mai zuwa yana son wurin tsayawa, ya sauke buhunsa, ya gaisa da surukinsa, ya tsallaka ya sayi goro. Mai wucewa ba shi da kowa a garin, fatansa kawai kada ƙafarsa ta taɓa birki har ya ga ya bar gidaje a baya. Idan aka haɗa su a kan kwalta guda mai faɗin mita bakwai da 'yan kai, dole wani ya cutu, kuma kowa ya san ba mai tirela ne zai cutu ba.

Ni haifaffen ƙasar Minjibir ne. Aikin koyarwa a jami'a ya zaunar da ni a birni, amma da wuya mako biyu su wuce ban leƙa gida ba, don haka hanyoyin yankin na san su a ƙafa, na san su a kan keke, yanzu kuma na san su a bayan sitiyari. Wanda ya buɗe taswira zai ga ƙasarmu tana zaune tsakanin manyan hanyoyi biyu da suka fita daga Kano kamar yatsun hannu. Ɗaya ta nufi Ɗambatta da Kazaure da Daura, ɗayar kuma ta bi ta Gezawa ta nufi Ringim da Gumel. Daga Kwanar Dumawa wata ta ɓalle ta bi ta Kunya, ta wuce Kanya da Ɓaɓura har Babban Mutum a bakin iyakar Nijar. Sannan ga titin da ya tashi daga Gezawa, ya ratsa garin Minjibir, ya je ya haɗe da Kunya. Direba ba ya buƙatar digiri kafin ya gane ma'anar wannan zane. Wanda ya taso daga wajen Ringim zai je Ɗambatta, me zai kai shi cunkoson Yankaba, ya fita ya sake faɗawa na Kurna da Rijiyar Lemo, alhali ga yanke? Ta haka wani kaso na zirga-zirgar da ke gudun birni ya koma bi ta ƙofar gidajenmu. Babu majalisar da ta taɓa zama ta yanke cewa tsakiyar garin Minjibir ce za ta zama baifas ɗin Kano. Tayar mota ce ta yanke wannan hukunci, mu kuwa muka wayi gari muka tarar da shi.

A ƙasar nan an raba tituna gida uku, kuma tushen rabon tun zamanin Turawa ne: rukunin A na gwamnatin tarayya, rukunin B na jiha, rukunin C na ƙaramar hukuma. Ɗalibai suna haddace wannan su rubuta a jarrabawa, su ci maki. Sai dai rabon yana amsa tambaya guda ce tak, wato wa zai biya kuɗin gini da na gyara. Bai ce komai game da aikin da titin zai yi ba. Titi yana iya zama na jiha a takarda, a ƙasa kuwa ya zama kasuwa da tasha da filin wasan yara da hanyar tankar mai duk a lokaci guda. Masu tsara gari suna da wani rabon na biyu wanda ya dogara ga aiki: wace hanya ce aka ware wa mai wucewa, wace ce ke tattaro motoci daga unguwanni ta miƙa wa babbar, wace ce kuma aikinta kawai ta kai mutum ƙofar gidansa. Wannan rabo na biyu shi ne muka rasa.

Wanda ya fi kowa fito da batun fili shi ne wani Bature masanin tsara gari, Colin Buchanan, a rahoton da ya jagoranci rubutawa ga gwamnatin Birtaniya a 1963, lokacin da motoci suka fara shaƙe tsofaffin garuruwan Ingila. Ya kamanta gari da babban gini mai ɗakuna da baranda, ya kawo misalin asibiti, inda ba wanda zai yarda a riƙa ratsawa da keken abinci ta cikin ɗakin tiyata don kawai ta nan ya fi kusa. Bahaushe bai buƙaci a kai shi asibitin Landan kafin ya fahimci haka ba. Gidanmu na gargajiya an gina shi a kan wannan hikima: baƙo iyakarsa soro, na kusa ya ƙara gaba kaɗan, tsakar gida kuwa ta iyali ce. Babu magidancin da zai bari a mayar da tsakar gidansa hanyar kasuwa. Ƙasar Holan ta ɗauki ra'ayin ta mayar da shi tsarin aiki a shekarun 1990, ta ce kowane titi a ba shi aiki ɗaya daga cikin ukun, a kuma gina shi yadda siffarsa kaɗai za ta gaya wa direba irin gudun da ya dace. A titunan cikin unguwa gudun kilomita 30 ne a awa. Ba son rai ya kawo wannan adadi ba. Mota in ta ninka gudunta, tazarar da take buƙata kafin birki ya tsayar da ita tana ninkuwa sau huɗu, kuma jikin ɗan Adam da ke iya tsira daga bugun mota mai gudun 30 ba kasafai yake tsira daga na 70 ba. Shi ya sa babban taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a watan Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kan 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa.

Na kawo waɗannan ne don mai karatu ya san maganar tana da asali a ilimin zamani. Amma abin da ya fi burge ni shi ne kakanninmu sun riga sun warware ta da kayan aikinsu. Ayarin fatake ba ya kutsawa tsakiyar gari da jakuna da raƙuma ya kwana a ƙofar gidan mutane, akwai zango. Fagge ta Kano asalinta masaukin ayarin da ke zuwa daga arewa ne, a wajen ganuwa. Kalmar zango ta bi Hausawa har Kumasi da Ankara ta Gana, ta zama sunan unguwanninsu. A littattafan fiƙihu da malamanmu ke karantarwa a zaure akwai bayanin haƙƙin hanya, har da ƙa'idar zira'i bakwai idan maƙwabta sun yi jayayya a kan faɗinta, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina kan tafiyar da mulki, ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi cikin abin da ya hau kan shugaba.

Misalin da ya fi kusa da zuciyata shi ne burtali. Ƙasar Minjibir tana cikin da'irar nan da ke kewaye da birnin Kano wadda masana suka daɗe suna mamakin yawan jama'arta da yadda ake noma kowane taƙi nata shekara da shekaru ba hutu. Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson sun wallafa nazari a kanta a 1965 daga Jami'ar Ahmadu Bello, suka bayyana yadda jakuna ke kai itace birni su komo da taki a mangala. A irin wannan ƙasa, inda gona ke manne da gona, ta ina garken shanu zai bi da damina? Magabata ba su bar wa saniya ta zaɓa ba. Sun yanki ƙasa daga gonakin da kowa ke ƙishirwarsu, suka ware hanya, suka dasa mata aguwa da bini-da-zugu dama da hagu, kowa ya san iyakarta. Ina yaro, burtalin da ke bayan ƙauyenmu ya fi kowace hanya faɗi a yankin. Mukan hau shinge mu kalli garke yana wucewa, ƙura ta tashi, makiyayi ya ɗaga sanda ya gaishe da dattawan da ke gona, ba wanda hankalinsa ya tashi, domin shanun suna inda aka tanadar musu. Manomin da ya tura kunyarsa cikin burtali, mai unguwa ne zai fara kiransa, in ya ƙi ji a kai shi gaban dagaci. Ba a yi wa makiyayi burtali don ana ƙaunarsa fiye da manomi ba. An yi ne don geron manomi ya kai kaka. Kuma mun ga abin da ya biyo baya a duk inda aka cinye burtali da garma: saniyar ba ta fasa tafiya ba, sai dai ta bi ta cikin gona, daga nan sai sanda, daga sanda sai abin da ya fi sanda. Tirela da tifar yashi su ne garken wannan zamani, kuma har yau ba mu yi musu burtali ba.

Bara waccan na je ta'aziyya a wani ƙauye da ke bakin kwalta a yankinmu. Yaro ne ɗan shekara bakwai, an aike shi sayen ƙuli-ƙuli a tsallake, wata mota da ba ta tsaya ba ta yi gaba da shi. Bayan an shafa fatiha, matasa suka ce su ba za su kwana ba sai sun yi wa titin tudu. Washegari kuwa suka tara jar ƙasa da duwatsu suka yi masa kunyoyi uku kamar za a dasa dankali. Baffana, wanda ya haura saba'in, ya kira ni gefe ya ce, "Dakta, ku da kuka yi karatun abin, wannan da yaran nan suka yi daidai ne?" Na ce, "Baffa, Allah Ya ƙara maka lafiya, a doka ba su da ikon taɓa titin gwamnati." Ya jinjina kai ya ce, "To, ɗana, wa ke da ikon? Faɗa mini ƙofarsa in je in yi sallama." Amsar wannan tambaya tana da tsawo, zan zo kanta. Amma kunyoyin nan da ake gani a kusan kowane ƙauyen bakin titi daga Kano har iyaka, waɗanda direbobi ke tsine wa, ni ina ɗaukarsu a matsayin takardar koke da talaka ya rubuta da shebur. Yana cewa ne nan gari ne, ba daji ba. Illarsu kuwa a fili take: ba su da alama, ba su da ma'auni, da dare suna kayar da mai babur, suna karya ƙashin mota, mara lafiyar da ake gaggawar kaiwa asibiti ya sha azaba a kansu.

Akwai kuma asarar da ba ta zubar da jini, don haka ba a lissafa ta. Gwaggona tana zaune a gabas da titi, ƙanwarta tana yamma da shi, tsakaninsu bai fi jifa biyu ba. A da kullum sai sun ga juna. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, ido ya rage, sai an sami jikan da zai riƙe hannunta kafin ta tsallaka, ziyarar ta koma ta suna da biki. Wani malamin jami'a a Amurka, Donald Appleyard, ya auna irin wannan abu a birnin San Francisco a ƙarshen shekarun 1960. Ya kwatanta tituna uku masu kama da juna in ban da yawan motoci, ya gano cewa mazauna titin da motoci suka yi ƙaranci suna da abokai a layinsu kusan ninki uku na mazauna titin da motoci suka yi yawa. In haka ta faru ga mutanen da dama zumunci bai dame su kamar mu ba, ina ga garin da rabin jama'arsa dangin juna ne?

To, a fitar da motocin bayan gari mana, in ji mai saurin yanke hukunci. Nan ne maganar ta yi wuya, kuma ba na son in sauƙaƙa ta. Mai shayi da mai tsire da mai faci da mai gidan mai da yarinyar da ke tallar gyaɗa, duk daga mai wucewa suke ci. Ka gaya musu za ka kawar da motoci daga gabansu, ka gaya musu za ka kashe musu kasuwa ne. Kuma tsoronsu yana da hujja. Dubi yawan wuraren da sunansu ya fara da Kwanar a jihar nan: Kwanar Dumawa, Kwanar Ɗangora, Kwanar Gafan. Kowane ɗaya labari ne na yadda kwalta ta bi ta gefe, kasuwanci ya tashi ya bi ta, har mahaɗar ta yi sunan da ya nemi danne na ainihin garin. Mutanenmu ba sa gudun titi, bin sa suke yi. Wannan ɗabi'a ce ta cinye titunan kewaye da aka riga aka gina. Baifas ɗin gabas na Kano an yi shi ne don manyan motoci su kauce wa tsakiyar birni. Yau gidaje da shaguna da garejoji da gidajen mai sun rufe shi dama da hagu, mai wucewa yana rarrafe a kansa kamar yana cikin kasuwa. Haka baifas ɗin yamma na Kaduna, wanda tuni gari ya haɗiye shi. Birnin Kano ya sami tsarin ci gaba na shekara ashirin tun 1963, wanda Trevallion ya shirya, amma zane a takarda bai hana kowa kafa rumfa a bakin kwalta ba.

Darasin da na ɗauka daga waɗannan shi ne, ware hanya ga mai wucewa aiki biyu ne da ba sa rabuwa. Na farko a nuna inda za ta bi. Na biyu, wanda ya fi wuya, a tsare bakinta: kada kowane fuloti ya buɗe ƙofa kai tsaye a kanta, a taƙaita wuraren shiga da fita, a bar 'yar hanya a gefe ga mai amalanke da mai jaki da mai adaidaita sahu. Aguwar da ke gefen burtali ita ce ta sa ya zama burtali. Ba don ita ba, da fili ne kawai. Su kuma masu sana'ar bakin titi ba a ce su bi iska ba. A tanadar musu zango na zamani a mahaɗar da sabuwar hanya ta rabu da tsohuwa, wurin da tirela za ta iya sauka daga kwalta gaba ɗaya ta tsaya, direba ya ci abinci, ya yi salla, a duba masa taya. Direban da ke son tsayawa zai tsaya a nan cikin natsuwa. Wanda ba ya son tsayawa kuwa dama ba ya sayen komai a tsakiyar gari, ƙura da fargaba kawai yake bar mana.

Sai batun ƙasa, wanda shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin ni ɗan manomi ne. Hanya tana cin gona. Babban titin tarayya ana ware masa mita 45.72 daga tsakiyarsa ta kowane ɓangare, wato kowace kilomita guda tana lashe sama da hekta tara. Garin Minjibir ba ya buƙatar irin wannan, amma ko da faɗin mita 30 aka ɗauka, tsawon kilomita huɗu zai ci hekta goma sha biyu. A wani yankin wannan ba komai ba ne. A wurinmu, inda gonar gado ake raba wa 'ya'ya har ta koma kamar shimfiɗar tabarma, hekta goma sha biyu abincin gidaje da yawa ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ba ta biyan diyyar ƙasar kanta, sai abin da aka yi a kanta na gini ko shuka ko itatuwa, ko da yake ta ce manomin da ƙaramar hukuma ta karɓi gonarsa a ba shi wata a madadinta. Wace gonar za a ba shi a ƙasar da ba ta da saura? Duk wanda zai kawo wannan shawara ba tare da ya kalli idon manomin nan ba, bai san Minjibir ba.

Amma a duba ɗaya gefen. Birni yana tahowa. Wanda ya bi ta Ungogo cikin shekarun nan ya ga yadda gonaki ke komawa fulotai ta hanyar awon igiya: dillali ya sayi gona, ya ja igiya, ya yanka, ya bar lungun da ko motar ɗaukar mara lafiya ba za ta shiga ba, ya sayar ya ƙara gaba. Wannan guguwa ba za ta tsaya a iyakar Ungogo ko ta Gezawa don ganin allon ƙaramar hukuma ba. Gonar da muke jin tausayin a yanki gefenta yau, nan da 'yan shekaru ba gona ba ce, bulo ne da kwano. A lokacin, fitar da hanya yana nufin rusau, da kuka, da diyyar da babu gwamnatin da za ta iya biya, don haka ba za a yi ba, garin ya dawwama da tirela a ƙirjinsa. Yau kuwa ana iya shata layin, a kafa turakun safiyo, a rubuta sunan kowane mai gona, a bar shi ya ci gaba da nomansa har ranar da kuɗin aiki ya samu, sharaɗin kawai kada a yi gini a ciki, kuma a yi yarjejeniyar diyya a rubuce tun yanzu a gaban hakimi. Manomi bai rasa damina ko ɗaya ba, gari kuma ya sami hanyarsa a ajiye.

Yanzu bari in koma ga tambayar Baffa: ƙofar wa za a buga? Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina tituna da layuka da magudanan ruwa da kula da su, da kafa kasuwanni da tashoshin mota da tsara su, da sanya wa tituna suna, har da lasisin keke da amalanke da baro. Dokar 1978 ta bar ƙasar karkara a hannunta. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hukumar tsare-tsare a matakin tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma. Gaskiya ne ba ta da ikon sauya titin jiha ko na tarayya yadda ta ga dama, wannan sai da ma'aikatar ayyuka da hukumomi irin su KNUPDA da KAROTA. Sai dai inda kasuwa za ta zauna, da inda tasha za ta kasance, da gonar da za a yarda a yanka fulotai, waɗannan su ne ke haifar da rikicin bakin titi, kuma duk suna hannun sakatariya. Ciyaman da kansiloli sun fi ƙarfin abin da suke zato. Uzurin da aka daɗe ana kawowa shi ne kuɗinsu yana maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko yaya aiwatar da hukuncin ya kasance, shata layi da kafa turaku ba ya cikin ayyukan da ke buƙatar biliyoyi.

Abubuwa biyu da suka faru a jihar nan sun isa su zama jan kunne. A zangon mulki na 2011 zuwa 2015 gwamnatin jiha ta ɓullo da shirin titi mai tsawon kilomita biyar, mai hannu biyu da fitilu, a hedikwatocin ƙananan hukumomi. Niyyar mai kyau ce, kuma garuruwan karkara sun cancanci ado. Abin lura kawai shi ne faɗaɗa titin da ya ratsa tsakiyar gari, in ba a haɗa da wurin tsallakawa da dabarun rage gudu ba, gayyata ce ga mai wucewa ya ƙara wuta, kuma tsohuwar da ke tsallaka hannu ɗaya da ƙyar yanzu biyu ne a gabanta. Na biyu, a ƙarshen Nuwamban 2022 aka sanar da hana 'yan adaidaita sahu bin wasu manyan titunan Kano, ciki har da wanda ya nufi Gezawa. Ba a je ko'ina ba aka dakatar da umarnin saboda koken jama'a. Wancan yunƙuri ne na ba titi aiki guda, amma an yi shi da sanarwa daga sama, ba a tanadi hanyar da waɗanda aka kora za su bi ba, ba a kuma zauna da su ba. Burtali ya daɗe ne saboda waɗanda suka ba da ƙasarsu suna wurin ranar da aka shata shi.

Da za a tambaye ni ta ina za a fara, ba da katafila zan fara ba, da ƙidaya zan fara. Har yau muna magana ne a kan abin da ido ya gani. A zaunar da matasa a mashigar garin ta wajen Gezawa da mafitarsa ta wajen Kunya, ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba, daga asuba zuwa isha, su rubuta lambar kowace mota da irinta da lokacin da ta wuce. Motar da ta bayyana a littafin mashiga ta sake bayyana a na mafita cikin 'yan mintoci, mai wucewa ce. Wadda ta shiga ta daɗe, mai zuwa ce. In ƙidaya ta nuna masu wucewa kaɗan ne, an huta da batun sabuwar hanya, sai a mayar da hankali ga gyaran ta ciki: tudun rage gudu na ƙa'ida mai fenti da alama, wurin tsallakawa a gaban makaranta da asibiti, janye rumfuna da lodin fasinja daga kan kwalta, da hana manyan motoci ratsawa a tsakiyar cin kasuwa. In kuwa ta nuna suna da yawa, sai hakimi da dagatai da masu gonaki da 'yan ƙungiyar direbobi da mata masu sana'a su taka ƙasar da ƙafa tare da safiyo, a duba ta wane gefen garin layin zai fi ƙarancin ɓarna, a kauce wa fadama da maƙabarta. Lokacin da ya dace da wannan tattaki shi ne bayan kaka, an kwashe amfanin gona, ƙasa ta buɗe ana hango nesa. Aikin ƙidayar kuwa irin wanda ɗaliban ajin ƙarshe ke nema ne ido rufe don kundin kammala karatunsu, kuma akwai 'yan asalin Minjibir da Kunya da Wasai da Kantama a jami'o'in Kano da za su yi shi da murna. Abin da za su buƙata daga sakatariya bai wuce takardar izini ba, da benci biyu, da ma'aikaci ɗaya daga sashen ayyuka da zai zauna tare da su ya sa hannu a kan abin da suka ƙirga.